Sukarin da Na Ƙwace a Aljihun Baba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Ka bar sunana a wajenka, don mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, kuma ba na son a nuna kowa da yatsa saboda ni. A lokacin da abin ya faru, kamar yanzu, ni malamar firamare ce a Safana, da aurena da 'ya'yana, ga kaifin baki ga saurin yanke hukunci. Ni kaɗai na yi boko mai nisa a gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Karare a ƙasar Batsari, kuma wannan abu ya shiga kaina fiye da kima. In na zo hutu kowa sai ya shiga taitayinsa, a rufe randa, a kori kaji daga madafa, a share tsakar gida tun kafin na ajiye jaka. A ganina gyara nake yi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko mutanen nan sun san wani abu game da jikinsu da ni ban sani ba.

Abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne sunana. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka tun ina cikin zanen goyo bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Wanda ya san ƙauye ya san nauyin wannan. Duk faɗan Baba, in na sa baki sai ya sauko, ya ce to, uwa ta yi magana, me ya rage. Da wasa aka fara, har ta kai Innarmu, matar da ta haife ni, in tana son ya yi wani abu sai ta jira zuwana ta tura ni gare shi. Manomi ne na gaske, gero da dawa da gyaɗa, mutum mai barkwanci, kuma in akwai abin da ya fi so bayan gonarsa, to zaƙi ne. Shayinsa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Rake ba ya wuce shi, furarsa sai da sukari, alewar da yake sayo wa jikoki kuwa rabinta a bakinsa take ƙarewa kafin ya iso gida.

Wata shekara bayan an gama girbi sai Inna ta kira ni ta ce Babanku ba ya rabuwa da buta, ya sha ruwa kamar raƙumi ya fita bayan gida, ga rama, ga ciwon da ƙaya ta ji masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Na je na ɗauko shi muka tafi asibiti a Batsari. Aka soki yatsansa aka auna, aka ce ciwon suga ne. Likita ya rubuta magani iri biyu, wata babbar ƙwaya fara da ake sha bayan abinci, da wata 'yar ƙarama da ake sha da safe daf da cin abinci. Daga baya na haddace sunayensu, babbar metfomin, ƙaramar gilibenkilamaid. Zan faɗi gaskiya don kada na ɗora wa bawan Allah laifi: likitan ya yi bayani, ya ce kada a sha ƙaramar sai abinci na gaba, ya ce a riƙa dawowa awo. Amma layi na jira a waje, Baba ya gaji, ni kuma kunnena kalma ɗaya ya kama ya riƙe, cewa a rage zaƙi. Kafin mu isa gida na mayar da ita a hana zaƙi gaba ɗaya.

Ranar na kafa doka. Na kwashe sukarin gidan na raba wa maƙwabta. Na hana fura, na hana rake, na hana dabino da zuma. Tuwon gero da na dawa na ce a rage shi zuwa ɗan abin da bai kai malmala ba, a cika masa kwano da dafaffen zogale da wake. Ban tsaya a gida ba. Na yafa mayafi na bi gari, na je wajen mai shayi, na je wajen mai rake, na tare Bafulatanar da ke kawo nono, na ƙarasa wajen mai teburin da ke bakin gari, wanda abokin Baba ne tun suna samari. Kowa na faɗa masa magana ɗaya, cewa duk wanda ya ba Baba abu mai zaƙi, ko sayarwa ko kyauta, in wani abu ya same shi alhakin ransa na wuyansa. Mai teburin ya yi dariya ya ce ai tunda uwar Malam da kanta ta tako, ko kuka ya zo yana yi ba zai samu ko ɓawon alewa ba. Na ji daɗin maganar. Na koma Safana ina jin na yi abin da ɗiyar kirki ke yi.

Da fari abin ya yi kyau. Ƙishirwar ta tafi, ƙafar ta warke, Baba ya daina fita da buta. Kowa na sa mini albarka, ni kuma ina ƙara ɗaure fuska a kan dokar. Sai hanya ta lalace. Kun dai san halin da yankinmu ya shiga da mutanen daji, yau a ce an tare hanya, gobe a ce an kwashe shanun wani ƙauye. Ranar komawa awo ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, na ce ba zan jefa tsoho a hanya don a soki yatsa kawai ba. Na ɗauki kwalin maganin da ya ƙare na riƙa kaiwa kemis a Safana ana ba ni irinsa, in ba wa direba ya kai masa. Haka muka shafe fiye da shekara, magani bai canja ba, amma mai shan maganin ya canja. Baba ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, cinsa ya ragu don abincin ba ya masa daɗi. Ni kuwa na taɓa ji a rediyo cewa rage ƙiba na taimakon mai suga, sai na ɗauki ramar a matsayin ci gaba.

Inna ce ta fara kawo ƙorafi. Ta ce da hantsi, musamman in ya yi aiki, sai hannunsa ya kama rawa, gumi ya jiƙa shi ko ana sanyi, ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta ce ran nan jakinsa ya zaga har da uwa, mutumin da ko ƙuda ba ya zagi. Ƙanina, wanda shi ke noma tare da shi, ya ce wata rana ya waiwaya ya gan shi zaune a kan kunya ya ƙura wa hauya ido kamar bai san amfaninta ba, sai da aka kawo abinci ya ci sannan ya dawo daidai. Na saurare su duka na yanke hukunci a take. Na ce kwaɗayin zaƙi ne ke cin sa, kamar yadda mai cin goro ke rikicewa in bai samu ba, a yi haƙuri zai saba. Amma ni kaina hankalina bai kwanta ba. Ina cikin aji ina koyarwa sai in fita in ɗaga waya sama ina neman sabis, in an ɗauka kuma tambayata ɗaya ce, ko wani ya ba shi zaƙi.

Da dogon hutun damina ya zo na tattara yara muka tafi gida. Kwana kaɗan da zuwana na ɗauki rigunansa zan wanke, na zura hannu a aljihun gaba sai na ji ƙulli a leda. Sukari ne irin na kwali, 'yan guda kaɗan, sun fara narkewa da gumi. Ban san inda ya samo ba, ina jin a kasuwar wani ƙauyen ya saya inda ba a san dokata ba. Na same shi a zaure yana gyara igiyar jaki, ban ko bari ya amsa gaisuwata ba na ajiye ledar a gabansa. Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya ce Uwata, ba don daɗi yake sha ba, in abin nan ya taso masa, idonsa ya yi duhu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, in ya jefa guda a baki sai ya ji duniya ta dawo. Na yi dariyar takaici. Na ce masa kowane mai kwaɗayi da hujjarsa, ni ina can ina rasa barci a kansa shi yana nan yana kashe kansa a ɓoye. Na faɗi maganganun da ɗiya ba ta faɗa wa uba. Bai musa ba. Ya laluba cikin hularsa ya fito da wani guda ɗaya da ban gani ba, ya ɗora a kan sauran, ya ce to, an bari. Na kwashe na watsa a kwata.

Ana cikin noman biyu a lokacin. A da, maza kan tafi gona bayan asuba, da hantsi a kai musu fura ko ɗumame su ci a gindin bishiya. Tun da tsoro ya shigo aka daina barin mata da yara su bi hanyar gona, sai dai mutum ya ci ya tafi, ko ya tafi ya dawo ya ci. Ran da abin ya faru, an fito masallaci da labarin an ga mashinan mutanen daji a gefen daji da yammacin jiya, dattawa suka ce kowa ya yi sammako ya rage abin da zai iya ya dawo kafin rana ta ɗaga. Itacen ya jiƙe da ruwan sama, kokon Inna bai ko tafasa ba. Baba ya saɓa hauya zai fita. Ni na tare shi a ƙofa da kofin ruwa da ƙaramar ƙwayar a tafin hannuna, don ban yarda a tsallake magani ko na rana ɗaya ba. Ya ce ai bai ci komi ba. Na ce ya sha, in ya dawo ya ci, ai ba nisa. Ya karɓa ya haɗiye ya yi mini godiya.

Abin da ya faru a hanya daga baya mai teburin ya ba ni labari. Ya ce rana ta fara zafi ya hango Baba tafe shi kaɗai, ba hauya, yana tangaɗi, rigarsa sharkaf kamar an watsa masa ruwa. Ya dafa teburin ya ce a taimake shi da alewa ko guda, ko sukari, ko lemon kwalba, komi dai. Mai teburin ya ɗauka irin wasan da suka saba ne. Ya ce masa haba tsoho, so kake uwarka ta zo ta kifar mini da tebur? Ya ce Baba ya miƙa hannu zai ɗauka da kansa, shi kuma ya janye farantin alewar ya sa a bayansa yana dariya. Baba ya tsaya ya dube shi, leɓensa na rawa, sannan ya juya ya kama hanyar gida yana dafa katangu.

Ina tsakar gida ina tsince wake ya shigo. Ya zube a bakin ƙofar ɗakin Inna ya ce a jiƙa masa sukari. Da na ga gumin da rawar jikin, abin da ya zo mini shi ne ya ci wani abu a hanya sugan ya hau. Na tsaya a kansa ina tambayarsa me ya ci, wa ya ba shi. Inna ta ce ko a ba shi ɗan kokon, na ce ta dakata tukuna sai na san abin da ke cikinsa. Ya sake roƙo, murya na sarƙewa. Na ce babu sukari a gidan nan kuma ba za a samo ba. Sai ya ɗago kai ya kira ni da sunana na yanka, sunan mahaifiyarsa, gatsau, da ƙarfi, ya bi shi da zagi. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Inna ta saki muciya ta kama salati, ta ce wannan ba Malam ba ne, wani abu ya shafe shi a gona.

Nan da nan gida ya cika. Wasu na cewa iska ce, ai gonar tana kusa da tsamiya. Aka kunna turare, aka kira liman ya fara tofi, Baba na fizge-fizge yana maganar da ba a ganewa. Ni ban yarda da zancen iska ba, ina ganin na fi su sani, kuma sanin nawa ne ya fi nasu ɓarna, don tofi bai cuce shi da komi ba. Na shiga ɗaki na ɓallo wata ƙaramar ƙwayar, na murƙushe ta a cokali da ruwa, na sa aka riƙe masa kai na ɗura masa, wai in saukar da sugan da ya hau. Wannan cokalin har gobe ina jin nauyinsa a hannuna. Ba a jima ba fizge-fizgen ya tsaya, mutane suka ce alhamdu lillahi ya samu barci. Na taɓa shi na ji jikinsa sanyi ƙalau, ga gumi na tsattsafowa, ga wani munshari da ban taɓa ji ba. Na kira shi, na girgiza shi, ko gezau. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske.

Ƙanina ya dawo daga gona da hauyar Baba a hannu, ya ce a tsakiyar kunya ya tsince ta. Babu mota a garin, kuma saboda labarin safe babu mai son hawa hanya. Shi ya tada mashin ɗinsa, aka ɗora Baba a tsakiya, na hau baya na rungume shi, aka ɗaure mu da zani. Hanyar duk taɓo, mu faɗa rami mu fita, kansa na dukan kafaɗata, idona ɗaya a daji ɗaya a fuskarsa. Ban san addu'ar da ban karanta ba. Da muka isa asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi ciwonsa, na ce mai suga ne kuma sugan ne ya hau. Ta soki yatsansa ta duba 'yar na'urar, sai na ga ta miƙe da sauri tana kiran likita. Ta ce ba hawa ya yi ba, ya sauka ne har na'urar ta kasa karantawa. Aka zuƙo ruwan sukari a babban sirinji aka tura masa ta jijiya. Ina tsaye ina kallo, abin da na watsa a kwata shi ake tura masa don a ceci ransa.

Ya buɗe ido, amma bai dawo kamar yadda suka so ba, kuma kafin la'asar ya sake nutsewa. Aka sa masa ƙarin ruwa mai sukari aka ce sai an kwantar da shi. Likitan ya zaunar da ni ya tambayi me ya sha, na faɗa masa duka, har da cokalin. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce magungunan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Babbar tana rage sukarin da hanta ke zubawa a jini ne, kuma ita kaɗai ba kasafai take kayar da mutum ba. Ƙaramar kuwa matsa wa jiki take ya fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, kuma ba ruwanta da ko mutum ya ci ko bai ci ba, aikinta kawai take yi. Ya ce ga tsufa, ga rama, ga ƙarancin abinci, ga aikin gona da ke ƙone ɗan abin da ya rage, ga ƙodarsa ta yi rauni ba ta fitar da maganin da wuri, shi ya sa yake daɗewa a jiki yana ta ja ƙasa. Adadin da ya dace da shi bara ya yi masa yawa bana, kuma da an zo awo da an gani. Ya ce ƙwaƙwalwa da sukari take rayuwa, rawar jiki da gumi da faɗan nan duk ihunta ne na neman agaji. Sai ya tambaye ni ko Baba bai taɓa cewa yana jin sauƙi in ya sha zaƙi ba.

Allah ya yi da sauran kwana, Baba ya tashi. Amma ba duka ya dawo ba. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta daɗe babu abinci. Maganarsa ta yi nauyi, yana manta abin da aka faɗa masa da safe, yakan tsaya a tsakiyar alwala ya rasa inda ya kwana. Barkwancin nan ya tafi. Gona kuwa sai dai ƙanina ya kai shi a mashin ya zauna a inuwa ya kalla. Aka canja masa ƙaramar ƙwayar da wata mai sauƙi da ba ta daɗewa a jiki, aka rage babbar saboda ƙodar, aka ce ya ci tuwonsa daidai misali a kan lokaci. Aka kuma ja kunnenmu cewa sabuwar ma tana iya saukar da sugan in bai ci ba, don haka kada ya rabu da sukari ko dabino a aljihu, da ya ji rawar jiki ko gumi ya sha nan take, ya bi da abinci.

Na sake yafa mayafi na bi garin, ƙofa-ƙofa kamar wancan karon, ina warware abin da na ƙulla. Mai shayi, mai rake, Bafulatana, kowa na ce masa in Baba ya nemi zaƙi a ba shi da gudu. Mai teburin ne kawai ya yi magana. Ya ce ɗiyata, shekara da shekaru muna tare da mutumin ga, ya zo gabana shina neman ransa na ɓoye faranti ina dariya. Ya share ido da bakin rigarsa. Na ce masa alhakin ba nasa ba ne, ni na ɗora masa. Ya ce ya sani, amma hannun da ya janye farantin nasa ne.

Na durƙusa gaban Baba na nemi gafara, ya ce shi bai san na yi masa komi ba, ai uwa ba ta laifi. Ranar da abin ya faru gaba ɗaya ta goge a kansa, bai san ya kira sunana ba, bai san da cokalin ba. Abu ɗaya ne ya ƙi gogewa, shi ne cewa na hana. Na ɗinka masa 'yar jaka na zuba sukari na sa a aljihunsa, na yi masa bayani ya fi a ƙirga, ya gyaɗa kai ya ce to. Amma Inna ta ce in abin ya taso masa, sai ta gan shi ya dafe aljihun yana rawa, ba zai ciro ba, sai ya ce a tambayi Uwata tukuna. Dole ita ta ɗauko wani a ɗaki ta sa masa a baki. In ba ta kusa fa? Wannan tambayar ce ta hana ni zama. Ina Safana amma rabina na can. Da hantsi ya yi sai in kasa tsayawa a aji, in fita in shiga, in kira waya ta ƙi shiga, in kira mai teburin in ce don Allah ya leƙa. Na nemi a mayar da ni makarantar da ke kusa da gida, har yanzu ina jira. Maigidana ya ce na rame, abokan aiki sun ce na rage faɗa. Ni dai na san ban ƙara yin hantsi cikin natsuwa ba.

Shi ya sa na rubuto. Duk mai jinyar mai ciwon suga, don Allah ya sani ciwon nan gefe biyu gare shi. Hawan suga na cin mutum a hankali, saukarsa kuwa tana iya gamawa da shi kafin azahar. Ku tambayi likita wane ne a cikin magungunan ke iya kayar da mutum, kada ku bar ɗakin sai kun gane, ko layi ya kai bakin titi. Kada a ba mutum irin wannan ƙwaya ko allurar insulin a tura shi gona da ciki wayam. In ya kama rawa, ko gumi, ko ya rikice yana faɗa, a ba shi ruwan sukari ko dabino tun yana iya haɗiya, a bi da abinci, a kai shi a auna. In ya riga ya suma kada a ɗura masa komi, a yi asibiti da shi. Kada a ƙara magani da ka, kada a yi ta sayen tsohon kwali ba awo, don jiki na canjawa. Kuma in tsoho ya ce muku ga abin da yake ji a jikinsa, ku saurara, ko da kun fi shi karatu. Masu iko a gida irina, ku san irin dokar da kuke kafawa, don kafa ta ya fi cire ta sauƙi.

Makon jiya na je gida. Na same shi a zaure, ya gan ni ya washe baki, ya yi ta laluben aljihu har ya ciro 'yar jakar. Ya kwance ta da ƙyar ya zazzage a tafin hannunsa, sukarin na nan yadda na zuba, ya yi baƙi-baƙi da gumi. Inna daga ciki ta ce shekaranjiya ma sai da ya kusa faɗuwa a hanyar masallaci, jakar na jikinsa. Shi kuwa ya miƙo mini hannun yana murna, ya ce Uwata, duba ki gani, ko ɗaya ban taɓa ba.